Rabin Kitson Saude

Ku da kuke kula da ɗakunan kwanan ɗalibai yanzu, kun sha tambayata abin da ya fi tsaya mini a rai cikin 'yan shekarun da na yi a wannan aiki, kafin hidimar gida ta ɗauke ni. Akwai rana ɗaya da har yau ba ta gushe daga idona ba. Ita ce ranar da 'yan aji biyar suka yi jarrabawar gwaji ta Fiziks, aka ba ni tsaronsu a ɗakin cin abinci tun hantsi har la'asar.

A wata makarantar kwana ta 'yan mata ce a Kazaure, lokacin muna ƙarƙashin jihar Kano. Naira ba ta daɗe da fitowa ba, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kusan kowane malami ya sayi babur ko sabuwar rediyo. Ni ƙaramar ma'aikaciya ce, mataimakiyar uwar ɗakin kwana. Ban daɗe da gama tawa sakandaren ba, aurena ma sabo ne, don haka tazarar da ke tsakanina da manyan ɗalibai ba ta da yawa. Malama Ƙarama suke kirana.

Bari in bayyana yadda jarrabawar gwaji take, saboda waɗanda ba su yi kimiyya ba. Ba ta zama da biro kaɗai ba ce, kowace yarinya tebur ake ba ta da kayan aiki. A shekarar an sa wa kowane tebur sandar awo, da ƙarfen da za a ɗora ta a kai ta riƙa rinjaya kamar sikeli, da dutsen awo wanda aka san nauyinsa, sai kuma wani abu a rufe wanda yarinya za ta gano nauyinsa da lissafi. Malamin Fiziks ɗinmu, Mista Bulus, mutumin wajen Pankshin, ya yanke shawarar a yi wannan rufaffen abu da yashi. Ya tankaɗe yashin, ya shanya shi ya bushe ƙarau, ya auna daidai wa daida. Ni kuma da yake ina da keken ɗinki, na ɗinka ƙananan jakunkuna da ragowar yadin yunifom. Ta haka na shiga maganar.

Akwai wata sabuwar makarantar maza a wajen Babura wadda ba a gama gina mata ɗakin gwaji ba. An tsara cewa 'yan matanmu za su yi da safe, samarin kuma a kawo su a babbar mota su yi a kan teburan nan da kayan nan. Doka ta ce waɗanda suka fara yi a tsare su wuri ɗaya, ba takarda, ba biro, ba magana da kowa na waje, har sai na biyu sun shiga an rufe ƙofa. Wadda ta fita kafin a sallame su, an ɗauka ta fitar da jarrabawa, sai a soke mata duka takardunta na shekarar.

Ranar jarrabawa da sassafe muka buɗe kabad ɗin da muka ajiye jakunkunan, muka tarar ɓera ya huda jaka ɗaya. A kabad ɗin malamin Bayoloji yake ajiye irin gyaɗa da wake, shi ya jawo ɓeran. Yashin ya tsiyaye ta tsagar katako. An yi yayyafi da asuba, yashin waje ya jiƙe, kuma Mista Bulus ya ce jiƙaƙƙen yashi nauyinsa raguwa yake yi yana bushewa, ba zai kai yamma yadda yake ba. Ga babban mai sa ido da aka turo daga Kano yana ta duba agogo. Sai Mista Bulus ya zare kwaɗon da ake kulle kabad ɗin da shi, ya naɗe shi da auduga, ya auna a gaban mai sa ido, ya miƙo mini in ɗinke a sabuwar jaka. Ya fi yashin nauyi sosai. Mai sa ido ya ce ba laifi, zai sanar da masu duba takardu cewa teburin ƙarshe, na jikin taga, da nasa nauyin za a duba shi.

Sannan ya juyo gare ni. Dattijo ne mai farin gilashi, bai ɗaga murya ba.

“Malama, abin da kika gani a ɗakin nan, a nan zai tsaya har in rufe takardar ƙarshe. In kalma ɗaya ta fita a kan jakunkunan nan, makarantun biyu zan soke.”

Na ce na ji, ranka ya daɗe. Mista Bulus ya ƙara da cewa amana ce, na ce Allah ya ba mu ikon riƙewa. A lokacin ban ga wata wahala a ciki ba. Yin shiru kawai aka nema.

Da hantsi ya ɗaga aka kawo mini 'yan matan a layi. Ƙofar ɗakin cin abincin ba a sa mata mukulli saboda gudun gobara, kujera kawai aka ajiye mini a bakinta. Ko zama ba su gama yi ba aka fara abin da ɗalibai suka saba: ke nawa kika samu, ke fa? An hana su tun a aji ɗaya, shugabar makaranta takan ce abin da aka rubuta an rubuta, amma ban taɓa ganin ajin da ya ji wannan magana ba. Ni kaina na yi.

Uwani, wata 'yar Roni mai baki kamar sanƙira, ta haye benci tana karɓar amsoshi kamar mai gwanjo. Wannan ta ce giram hamsin, waccan hamsin da ɗaya. Rifkatu, 'yar akawun kotu, ta ce arba'in da tara ta samu, aka ce ai duk gida ɗaya ne. Duk wadda ta faɗi nata ya zo kusa, sai ta dafe ƙirji ta ce alhamdulillahi, ko ta hau rawa a zaune. Amma kowa idonta na kan Saude, don sai ta faɗi nata hankali zai kwanta.

Saude 'yar Gwiwa ce, doguwa, marar yawan magana. Mahaifinta shi ke riƙe da sikelin gyaɗa a kasuwarsu, shi ya sa ake ce mata 'yar mai sikeli. Ita ce ta ɗaya a Fiziks tun aji uku, kuma rabin waɗanda ke ɗakin ita ta koya musu yadda ake wannan lissafi a ƙarƙashin dalbejiyar bayan hostal. Kowa ya san burinta karatun likita, kowa kuma ya san babu shi sai da Fiziks.

Uwani ta ce, “To malamarmu, yanke mana hukunci.”

Saude ta ce, “Tamanin da biyu.”

Wata ta tuntsire da dariya. Uwani ta tafa hannu.

“Yau 'yar mai sikeli ta auna buhu har da jakin. In haka babanki yake yi wa manoma, ai da mutanen Gwiwa duk sun je Makka.”

Aka yi ta dariya, ba don mugunta ba. Dariyar waɗanda suka sha tsoro ce suka ga sun tsira. Ni kuwa na tambayi Rifkatu a hankali a ina Saude ta zauna. Ta ce teburin ƙarshe, jikin taga.

Daga nan zama ya gagare ni. In zauna a kujera, in tashi in leƙa taga, in dawo in ɗauki carbi, in ajiye. Ban san ko amsarta daidai ce ba, wannan ba sanina ba ne. Abin da na sani shi ne ba abu ɗaya suka auna ba, kuma jimla ɗaya daga bakina ta isa ta cire mata abin da ke cin ta. Amma ɗaki ne cike da 'yan mata, tagogi a buɗe suna kallon hanyar da samarin za su bi, ga masu dafa abinci suna shige da fice. Abin da Uwani ta ji, ba ya kwana.

Saude ta koma can ƙarshen tebur. Da yake ba biro ba takarda, sai ta riƙa tsoma yatsa a kofin ruwa tana rubuta lissafin a kan katako. Zafi ake yi irin na gabanin ruwa, kafin ta kai layi na ƙasa na sama ya bushe, sai ta sake daga farko. Wasu suka kewaye ta suna taya ta neman inda ta kauce. Wata ta ce ƙila ta karanta sandar ta baya, wata ta ce ƙila ta manta ta raba. Kowace da kyakkyawar niyya, kowace kuma tana ƙara tabbatar mata ta faɗi. Ita dai cewa take sau uku ta sake awon, sau uku abu ɗaya ya ba ta.

Motar samarin ya kamata ta iso kafin 'yan matan su fito ma. Shiru. Can shugabar makaranta ta aiko maigadi ya faɗa mini ta bakin ƙofa cewa motar ta kafe a wani rafi a hanyar Babura, ana neman masu turi, mu ƙara haƙuri. Aka kawo shinkafa da wake, aka ci, Saude ba ta taɓa nata ba. Hadari ya taso daga gabas ya tsaya, ba ruwa ba iska. Yara suka fara ƙorafi, wannan tana son zagayawa, waccan kanta na ciwo, sai in raka su bayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya ina waiwayen ƙofa.

Aka kawo bokitan ruwa muka yi alwala, muka yi azahar a gefe guda, su Rifkatu suka koma ɗaya gefen suna fifita da faranti. A sujadata na roƙi Allah ya kawo motar nan, ko ya nuna mini abin yi. Da na sallame na koma kujerata, sai ga Saude tsaye a kaina, ta ɗaura ɗankwali ta sa takalmi.

Ta ce, “Malama, ki ba ni hanya.”

Na tambaye ta ina za ta. Ta ce kawunta direban a-kori-kura ne, kowane mako a irin wannan rana yakan tsaya a bakin get bayan azahar ya ajiye mata saƙo daga gida, yau za ta bi shi. Na tuna mata dokar, na ce in ta taka waje duka takardunta sun tafi, har waɗanda ta riga ta yi da waɗanda suka rage.

“Me ya rage da za a soke, Malama? Baba duk wanda ya kawo gyaɗa sai ya gaya masa 'yarsa za ta zama likita. Gara in je in faɗa masa da bakina yau, da in zauna wata da watanni yana ci gaba da faɗa.”

Ba kuka take yi ba, da kuka ne da ya fi mini sauƙi. Ta fi ni tsawo, ta fi ni ƙarfi, in ta ture ni ba abin da zan iya. In kuma na kira maigadi aka yi kokawa, mai sa ido zai ji, maganar ta lalace ta wata hanyar. Maganar kwaɗon ta zo har bakina. Na ji nauyinta a harshena kamar yadda na ji nauyinsa a tafin hannuna da safe.

Ina kallonta sai idona ya sauka a gefen ɗankwalinta. Makonnin jarrabawa ba mai ta kitso, nata ya tsufa ya yi buzu-buzu, ƙeya duk ta warware.

Na ce, “Ba ni da ƙarfin riƙe ki. Amma da wannan kan za ki shiga Gwiwa? Innarki ta cire miki ɗankwali ta ce a hannun wa kike zaune? Ni za a zaga. Zauna in gyara miki kafin kawun naki ya zo.”

Ta tsaya tana dubana. Yarinya ce mai kunya da ladabi, ba ta saba musu da na gaba ba. Ta ce to, amma manya-manya, da sauri. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na zaro kibiya da mataji daga jakata, Rifkatu ta samo ɗan man kaɗe a aljihunta, na zaunar da Saude a ƙasa tsakanin gwiwoyina, bayanta ga ƙofa. Na tsefe kan gaba ɗaya tukuna, har ya tashi tsaye. Sannan na fara daga gefen kunnen dama, na tsaga siriri kamar zaren buhu.

Ta ji a fatar kanta. Ta ce Malama ai ƙanana kike yi. Na ce gashin ne ya karye, sai a hankali. Wannan ba ƙarya ba ce, ya karye ɗin.

Ina kitso ina sauraron hanya. Sau biyu ina warware abin da na kama. Don in cika shirun na tambaye ta yadda babanta yake awo. Da ƙyar ta fara, daga baya bakinta ya sake. Ta ce yakan share farantin sikelin da hannun riga kafin kowane buhu, kuma ko manoma goma sun taru suna rantsuwa buhu ya fi haka, ba ya gardama, sai ya sauke ya sake ɗorawa a gabansu, abin da allura ta nuna shi zai faɗa. Na ce dai ta sunkuyar da kai.

Ina tsakiyar kai muka ji ƙarar mota. Yara suka ruga tagogi suna cewa ga su nan. Sai aka yi ham sau biyu, gajere da dogo. Jikin Saude ya ƙage a tsakanin ƙafafuna. Ba samarin ba ne, kawunta ne.

Ta yunƙura. Wutsiyar kitson tana naɗe a yatsana, ban ja ba, ban kuma saki ba. Rabin kanta ya kwanta lumui, rabi yana tsaye kamar ƙaiƙayi. Ta miƙa hannu inda ta ajiye ɗankwalinta a kan benci, babu shi. Uwani ce zaune a wurin, ta baje siket, ta harɗe hannuwa, tana kallon silin kamar ba ta san me ake ciki ba.

“Uwani, tashi.”

“Ƙafata ta yi sanyi, ba na iya tashi. Kuma wallahi in kika fita da wannan kan, kafin ki kai get an tara miki yara.”

Saude ta dubi sauran. Kowace ta kai hannu ta riƙe nata ɗankwalin. Ban taɓa yi musu bayani ba, su da kansu suka gane abin da nake yi. Aka sake yin ham. Saude ta juyo da kai iyakar yadda kitson ya bar ta, ta dube ni ta gefen ido.

“Malama, kin san wani abu.”

Na ce, “Na san kanki bai ƙare ba.”

Mun daɗe a haka, ko kuwa ni ce na ga daɗewar. Muka ji maigadi yana gaya wa kawun yau ba a ganin ɗalibai. Muka ji an rufe ƙofar mota, ta tashi, ƙararta ta yi nisa ta hanyar kasuwa. Sai Saude ta koma ta zauna, ta kifa goshinta a gwiwata, a lokacin ne kukan ya zo. Na bar ta ta yi, zanena ya jiƙe. Da ta lafa na ɗago kan na ci gaba da tsaga.

Ruwan ya sauko gab da la'asar, tare da shi motar samarin ta shigo. Muka hango su ta taga suna dirowa, taɓo har gwiwa, farin yunifom ya koma ja, suna gudu zuwa ɗakin gwaji da biro a baki. Da aka rufe musu ƙofa aka aiko a sallami 'yan mata. Kowa ta watse, ban da Saude da Uwani da Rifkatu, don saura layi uku a ƙeya. Ko a lokacin ban yi magana ba, mai sa ido cewa ya yi sai ya rufe takardar ƙarshe.

Da samarin suka fito aka ɗaure takardu, na je na sami Mista Bulus yana tattara kaya, na gaya masa abin da ya faru. Ya dafe kai ya ce, “Kai, Saude ce ta faɗa teburin nan?” Ya nemi izinin mai sa ido, dattijon ya ce yanzu kam ba sauran asiri. Aka kira su ukun.

Mista Bulus bai yi dogon bayani ba. Ya ɗauko jaka ɗaya daga wani tebur ya farke, yashi ya zubo. Ya ɗauko ta teburin taga ya miƙo mini, na yanke zaren da na ɗinka da safe, kwaɗo ya faɗo a tafin hannuna cikin audugarsa. Ya ce shi ba shi da ikon gaya wa kowa makinta, amma sikelin makaranta ga shi nan, ba wanda ya hana ɗaliba awo.

Saude ta karɓi kwaɗon da audugar da 'yar jakar. Kafin ta ɗora, ta sa hannun rigarta ta share farantin. Muka zuba wa allurar ido har ta daina rawa. Ta tsaya a tamanin da ɗan ɗoriya.

Ba ta yi tsalle ba. Ta sauke, ta sake ɗorawa. Sai Uwani ta ce ashe da gaske akwai jaki a cikin buhun. Har mai sa ido sai da ya yi murmushi. Da muka fito baranda Saude ta durƙusa har ƙasa, sai ta ce kitson ya yi mata tsauri. Na ce ta yi haƙuri, hannuna ba a kwance yake ba.

Ta zauna ta ƙarasa sauran takardunta da wannan kitso a kanta.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, a aikinmu za a ba ku amanar magana, a kuma ba ku amanar 'yar mutane, wata rana su biyun su ja ku ta fuska biyu. Kada ku yi saurin cewa dole a saki ɗaya. Ku roƙi Allah, ku duba abin da hannunku ya iya. Sannan kada ku ɓata ƙarfinku wajen hana yara gwada amsa bayan jarrabawa, ba za su bari ba. Ku zauna kusa dai, ku ƙyale masu hayaniya, ku nemi wadda ta faɗi nata sau ɗaya ta yi shiru. Ni daga ranar har na bar aiki, duk ranar jarrabawa sai na duba jakata kafin in fita: carbi, mataji, kibiya.